Juya yadin ka duba bayansa

Ɗana, jiya da la'asar ka tambaye ni me ya sa shaddar da ka zana da kaki ta fito daga rini zanen ya dagule, shuɗi ya shiga inda ka so ya zauna fari. Ka ce kana zargin baban rinin ne ya yi ƙarfi. Baba ba shi da laifi. Bayan ka tafi na ɗauki shaddar na juya bayanta, sai na ga kakin bai ratsa ba.

Kaki yana da lokacinsa a kan wuta. In ya yi daidai, kana ɗora shi yadi zai shanye, wurin ya yi duhu kamar man gyaɗa ya ɗiga, ka ga zanen ta baya yadda yake ta gaba. In ya huce kuwa, sai ya zauna a saman zare fari fat, ya yi tudu, rini ya bi ta ƙarƙashinsa. Na lura kana sauke tukunya daga kan gawayi ka ajiye ta gefenka don kada ka riƙa miƙa hannu. A wannan sanyin hunturu na Damagaram, kafin ka ja layi uku ta huce. Ka bar ta a kan garwashi mai laushi, kai ka matso kusa.

Kada kuma ka ce za ka hura wuta ta yi yawa. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 63, ba ya son fiye da abin da zai sa ya gudana. Da ya fara hayaƙi ya tsinke, zai malale ya wuce layinka, yana ma iya kamawa da wuta. In ya kama, ka kifa murfi ko ka zuba yashi. Kada ka kuskura ka zuba ruwa, zai fantsamo maka a fuska.

Sabon yadi ma yana zuwa da sitati, shi ma yana tare kaki. Ka wanke shi da ruwan zafi da sabulu, ya bushe sarai.

Mutanen tsibirin Jawa a Indonesiya, waɗanda suka fi kowa suna a wannan sana'a ta batik har UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2009, suna zana da wani ɗan ludayin tagulla mai siririn baki da suke kira canting. Kaskonsu ba ya barin kan wuta, kuma yadi mai daraja gaba da baya suke bin sa da kaki, shi ya sa guda ɗaya kan ci watanni. Atamfa ƴar Holan da mata ke saye a kasuwar Dole, aikinsu aka kwaikwaya da inji.

Game da haɗa kakin zuma da na kyandir, na zuma yana da danƙo, yana lanƙwasa tare da yadi. Na kyandir gautsi gare shi, yana tsagewa, rini ya shiga tsagar ya bar jijiyoyi. Wasu masu saye jijiyoyin suke so. Ni dai in zane mai tsabta nake nema, na zuma nake rinjayarwa.

Rini kuma mai sanyi kawai, shi ya sa baba ya dace da aikin. Ka tsoma a hankali, kada ka matse, ka ɗaga iska ta buge shi har koren ya koma shuɗi, sannan ka sake tsomawa. Ka shanya a inuwa, musamman da bazara, don ranar garin nan tana sassauta kaki a kan igiya. Sai an gama ake tafasa ruwa a cire kakin, in ya taso ya daskare ka kwashe, zai sake yi maka aiki.

Gobe in Allah ya kai mu, kafin ka taɓa shaddar mutane, ka yanko ƙyalle ka ɗiga kaki, ka juya ka nuna mini bayansa.