Likita Ya Amsa: Yarona Ya Haddace Izu Biyar Amma Ya Kasa Karatun Boko

Daga wata uwa a Ƙofar Marusa, Katsina: Salamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa 9, yana aji huɗu. A Islamiyya ya haddace izu biyar, da an biya masa sau biyu ya riƙe. Amma in aka miƙa masa littafin boko sai ya yi ta haɗa harafi ɗai-ɗai, kafin ya kai ƙarshen kalma ya mance farkonta. Malaminsa ya ce daƙiƙi ne, babansa ya ce wasa ya yi masa yawa. Kullum duka, yanzu da safe sai ya ce cikinsa na ciwo. Ni dai jikina na ba ni akwai wani abu.

Wa alaikumus salam Hajiya. Jikinki bai yi miki ƙarya ba. Yaron da ya riƙe izu biyar ba daƙiƙi ba ne. Ba zan yanke hukunci ban ga yaro ba, amma bayaninki ya yi kama da disleksiya, sunan da wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, ya fara amfani da shi a 1887. Matsalar tana wajen ɗaura sauti a kan harafi. Yaro yana ji, yana fahimta, yana iya zuba miki labari tiryan-tiryan, amma ƙwaƙwalwarsa na shan wuya kafin ta ce wannan zanen "ba" ne, wancan "da". Ana ƙiyasta yara 5 zuwa 10 cikin 100 na da ita, ke nan da wuya aji mai yara 60 ya rasa uku. Tana kuma bin jini. Ki bincika, ƙila akwai kawunsa ko baffansa da ya gudu daga makaranta alhali a kasuwa ba mai kama ƙafarsa a lissafi.

Ki gwada shi yau, ba da littafi ba. Kuna zaune ki ce, "Faɗi gida. To cire gi, me ya rage?" Ki ce ya tafa hannu a kowace gaɓa ta tabarma: ta, bar, ma. Ki ce ya kawo kalma uku masu farawa da sauti irin na farkon kalmar "kaza". In ƙaninsa ɗan shekara 7 ya yi nan take shi kuma ya tsaya yana raba ido, kin samu alama. Juya b da d ba abin tsoro ba ne ga ɗan shekara 6, amma a shekara 9 ya isa a duba.

Ku fara da likitan yara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, a auna ido da kunne. Na sha ganin yaron da aka yi shekaru ana yi wa bulala, ashe allo ne ba ya gani daga bencin baya. In waɗannan lafiya lau, ku nemi a tura ku wajen masanin halayyar ɗan Adam ya yi masa gwajin karatu.

Disleksiya ba ta da ƙwaya ko allura, koyarwa ce maganinta. Minti 15 kullum, ku fara da Hausa, domin ita yadda aka rubuta haka ake faɗa, saɓanin Turanci. Ki zuba rairayi a faranti, ya zana harafin da yatsa yana furta sautinsa, harafi biyu ko uku a mako. A roƙi malami ya daina tsayar da shi karatu gaban 'yan aji.

Dukan nan kuwa, don Allah a tsayar da shi daga yau. Ciwon cikin safe galibi tsoro ne. Ranar asibiti ku taho tare da maigidan, ya ji daga bakin likita.

Daga wani magidanci a Daura: Likita, ɗiyata mai shekara 7 ta yi sanƙarau lokacin zafin bara. Ta warke, amma yanzu sai an kira ta sau uku, in an aike ta gishiri ta dawo da ashana. Uwarta ta ce rainin hankali ne.

Malam, wannan kunne ne har sai gwaji ya nuna akasin haka. Raunin ji na cikin abubuwan da sanƙarau ya fi barin wa yara, shi ya sa ake so a auna jin yaro cikin makonnin farko bayan sallama. An riga an makara, kada a ƙara. Ka kai ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro, a yi mata gwajin ji da na'ura, leƙawa da fitila kaɗai ba ta wadatar. In ta kama, a tura ku Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Akwai kuma yaran da kunnensu ƙalau, amma ƙwaƙwalwa ke jinkirin tace magana, musamman cikin hayaniya. Ko wanne ne, a zaunar da ita bencin gaba, a kashe rediyo in za a yi mata magana, a fuskance ta, aike ɗaya a lokaci ɗaya, ta maimaita kafin ta fita.

Daga wata malamar firamare a Mashi: Ina da ɗaliba 'yar shekara 6. Tana cikin magana sai ta ƙame, ido a buɗe, ko an taɓa ta ba ta sani ba, sai kuma ta ci gaba. Iyayenta sun ce iska ce.

Malama, Allah ya saka miki da alheri da wannan lura. Akwai nau'in farfaɗiya da ba a faɗuwa, ba kumfa. Yaro ya ɗauke na kamar daƙiƙa 10, sau da yawa a yini, darasi na wuce shi guntu-guntu. Mai tunani in an taɓa shi yana firgita ya dawo, ita kuwa ba ta dawowa sai abin ya sake ta. Da izinin iyayenta ki ɗauki bidiyo a waya su kai wa likita, a yi mata gwajin ƙwaƙwalwa na EEG. Irin wannan farfaɗiya tana jin magani sosai, yawancin yara kuma suna rabuwa da ita in sun tasa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Kafin nan a nisanta ta da bakin rijiya, murhu da wanka a rafi.

Daga Dutsin-Ma: Akwai maganin ƙara basira da zan saya wa yaro a kemis?

Babu, Alhaji, riƙe kuɗinka. In yaro ya faye kasala da mantuwa, a auna jininsa, don ƙarancin jini da tsutsar ciki na dakushe hankali. In mai sikila ne kuma karatunsa ya ja baya kwatsam, a kai shi asibiti cikin makon nan, domin sikila kan toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da hannu ko ƙafa sun shanye ba.