Kada ka jefa izinin aikinka cikin haɗari saboda lefen ƙaninka

Wani malami ɗan wani ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo ta jihar Jigawa ya rubuto mana daga Harbin, arewa maso gabashin ƙasar Sin, inda yake koyar da lissafi a wata makaranta. Wannan ne sanyinsa na farko a can. An shiga dogon hutu, yara sun watse, yana zaune shi kaɗai a ɗaki, dusar ƙanƙara ta rufe gari. Daga gida kuma kira ba ya yankewa: ƙaninsa zai yi aure bayan Salla, baffansu ya ce shi malamin ne zai haɗa lefe, ga injin ban-ruwa na gonar alkama ya lalace. Ana cikin haka wani dillali ya kawo masa tayin koyar da yara Turanci da yamma a wani gida, kuɗi hannu da hannu, babu takarda. Yana tambaya ko ya karɓa.

Malam, wa alaikumus salam. Kada ka karɓa.

Ka san izinin aikinka yana ɗauke da sunan makarantar da ta ɗauke ka da garin da take. Duk aikin da ka yi a wajenta, ko na awa ɗaya ne, aikin haram ne a idon hukuma. Dokar shige da fice ta Sin, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2013, ta tanadi tarar yuwan (kuɗin Sin) 5,000 zuwa 20,000 ga baƙon da aka kama, in abin ya yi tsanani a tsare shi kwana 5 zuwa 15. Wanda aka maido ƙasarsu ana iya hana shi komawa na shekara 1 zuwa 5, wanda aka yanke wa hukuncin kora kuwa sai bayan shekara 10. Sannan tun watan Yulin 2021 gwamnatinsu ta sa wa darussan kuɗi na bayan makaranta takunkumi mai tsanani, Turanci na ciki. Shi ya sa dillalin nan ya kai darasin cikin gida, ya kuma nemo baƙo irinka. In an ƙwanƙwasa ƙofa, kai za a tarar da alli a hannu, shi yana can wani wuri.

Na ga yadda irin wannan ke ƙarewa. Wani ɗanmu ya yi haka, dillalin ya karɓi hoton fasfonsa "don a nuna wa iyayen yara", wata biyu yana biyansa daidai, daga nan ya fara yanke rabi. Da yaron ya yi magana sai ya ce masa ai ya san lambar makarantarsu. Haka ya ci gaba da yi masa bauta har ƙarshen zango, tsoro ya hana shi barci. Kuma kada ka ɗauka kuɗin da aka turo ta manhajar WeChat ba ya barin sawu. Asusun da sunanka da fasfonka aka buɗe shi. Kada ka ba mutumin nan hoton komai, ko na katin makaranta.

In ƙarin kuɗi kake nema, ƙofa ɗaya ce mai tsafta: ka je ofishin makarantarku ka tambaya ko suna da darasin hutu ko ƙarin awoyi a ƙarƙashin sunansu, a rubuta maka. Ka kuma sake karanta kwantiraginka ka ga me ya ce game da albashin hutu, domin wasu makarantu ba sa biyansa cikakke, kada ka yi wa gida alkawari da kuɗin da ba zai zo ba.

Yanzu maganar gida, nan ne ainihin ciwon. Zan faɗa maka gaskiya ko da baffa zai ji haushi. Ciyar da Baba da Inna, da maganinsu, wannan haƙƙi ne a wuyanka. Gyaran injin ma ina goyon baya, kuma shi za ka fara, domin alkamar rani a fadamar Haɗejiya ba ta jiran kowa. In ta rasa ruwa yanzu, abincin gidan na shekara ne ya tafi. Amma lefen ƙaninka taimako ne, ba bashi ba. Saurayin da ya isa aure ya isa ya nemi abin da zai sa a akwati, in kuwa bai da hali a rage akwatunan ko a ɗaga ranar. Babu kunya a cikin haka. Ba daidai ba ne babba ya tsaya a gaban surukai ya yi alkawari da aljihun ɗan da ba a shawarta ba, sannan a ce masa in bai cika ba ya zubar da mutuncin gida. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma a nan ba kai ne mai kwaɗayin ba, amma kai wahalar za ta faɗa wa.

Kada ka yi jayayya da baffa ta waya. Ka kira mahaifinka shi kaɗai, bayan ya dawo daga sallar Asuba, lokacin kai rana ta yi maka tunda kuna gabanmu da awa 7. Ka gaya masa nawa kake samu, nawa abinci da sutura ke ci, nawa za ka iya turowa duk wata ba tare da fashi ba. Ka faɗa masa ƙarara cewa hanyar samun fiye da haka tana iya kai ka gidan yari. Mutanenmu na gida suna ganin hotonka cikin jibgegiyar riga a kan ƙanƙara sai su ɗauka daula ce, ba su san rigar kaɗai ta ci wani yanki na albashi ba. Uba in ya ji gaskiya daga bakin ɗansa, shi da kansa zai tare ƙaninsa.

Akwai abin da na karanta a wasiƙarka wanda ba ka faɗa ba: kaɗaici ya dame ka. A Harbin cikin Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma, a Janairu kuma sanyi kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili da dare. Wanda ya saba da hira a dandali da hantsin hunturu a bakin zaure, in ya wuni a rufe cikin duhu, duk wanda ya yi masa fara'a sai ya ga kamar masoyi ne, dillalai kuwa sun san haka. Ka riƙa fita da tsakar rana ko na rabin awa ne, ka lulluɓe kunnuwanka da yatsunka duka sosai, ka sa takalmi mai kauri wanda ba ya santsi. Akwai tsohon masallaci a unguwar Daowai, kada Juma'a ta wuce ka. A nan za ka haɗu da Musulmi 'yan ƙabilar Hui da ɗaliban Afirka, su nuna maka inda ake sayar da naman halal. In barci ya ƙi ko cin abinci ya gagara har makonni, ka ga likita, inshorar makarantarku don haka aka yi ta.

Shi kuwa dillalin, ka tura masa saƙo gajere cewa makarantarku ba ta yarda ba, ka adana saƙonninsa, sannan ka toshe lambarsa.