Amsa kan yadda ake ƙiyasta man da ya rage a ƙasa

Ɗan'uwa, ka yi tambaya kan yadda ake sanin yawan man da ke ƙarƙashin ƙasa, da ko duniya na dab da rasa shi. Na daɗe ina aikin nazarin duwatsu a rijiyoyin Neja Delta, ga abin da na sani.

Man nan ba tafki ba ne da za a zura guga a auna. Yana maƙale cikin ƙananan ƙofofin dutse, kamar ruwa a soso. Ana aika sauti cikin ƙasa, a karanta amon da ya dawo, a gane faɗi da kaurin shimfiɗar dutsen da man ke ciki. Sannan a haƙa a ciro guntun dutsen. In ka riƙe shi za ka ji shi da nauyi, ga tabo baƙi-baƙi, ga warin mai a yatsunka. Daga nan lissafi ke farawa, kuma galibi kusan kashi ɗaya cikin uku na man kaɗai ke fitowa.

Man da ake kira tabbatacce shi ne wanda ake da yaƙinin kashi 90 cikin 100 zai fito da riba. In farashi ya faɗi sai adadin ya ragu, alhali ko ɗigo bai bar ƙasa ba. Siyasa ma na tsoma baki. A shekarun 1980, lokacin da ake ja-in-ja kan rabon kason haƙowa a ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai ta OPEC, Kuwait, Iran, Iraƙi da Venezuela duk sun ɗaga adadinsu farat ɗaya. A 2004 kuma kamfanin mai na Shell ya zaftare kusan kashi 20 cikin 100 na abin da ya ce ya tabbatar, har shugabansa ya sauka. Shi ya sa ban cika gaskata waɗannan alƙaluma ba.

Ni abin da ke tayar min da hankali shi ne fitowar man kullum da hanyar da yake bi. Duniya na shan kusan ganga miliyan 100 a rana, kusan kashi ɗaya cikin biyar ta mashigin Hormuz yake wucewa. Harin da aka kai wa cibiyar sarrafa mai ta Abƙaiƙ a Saudiyya, a Satumban 2019, ya tsayar da ganga miliyan 5.7 a rana cikin dare ɗaya. Nan gida Najeriya ma, muna da kusan ganga biliyan 37 a ƙasa, amma a wasu watannin 2022 sata da fasa bututu sun sa abin da muke haƙowa ya gaza ganga miliyan ɗaya a rana.