Ku Tambaya Mu Amsa: Kansila, fanfon gari da kuɗin tikiti

Jama'a assalamu alaikum. Saƙonnin da sunka shigo wannan karon kusan duk na mutanen karkara ne kuma duk kan ƙaramar hukuma, to na zaɓi huɗu. Masu tambayar taki ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni manomi ne daga wani ƙauye gabas da Sakkwato. Fanfon tuƙa-tuƙa guda gare mu duk garin, kuma tun bayan babbar Sallah yal lalace, yanzu ɗiyanmu mata ka tahiya har fadama ɗibar ruwa, wasu ko makaranta sun bar zuwa. Mun ishe kansilanmu yac ce muna shi ko sisi ba a ba shi ba. To Malam mi ak aikin kansila? Kuma ba an ce kotu ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗɗinsu kai tsaye ba?

AMSA: Baba sannu da haƙuri, Allah ya kawo sauƙi. Mai yiwuwa kansilanku bai yi maku ƙarya ba, amma kuma bai gaya maku duka ba. Kansila ɗan majalisa ne, irin na majalisar dokokin jiha amma a ƙaramar hukuma. Jihar Sakkwato na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244, kowace mazaɓa da kansila ɗaya, aikinsu su zauna su duba kasafin kuɗin da ciyaman ya kawo, su amince ko su gyara, su yi ƙananan dokoki, sannan su bi diddigin abin da aka kashe. Ciyaman shi ne mai zartarwa, kuɗi a hannunsa suke shi da ma'aji da daraktoci. Saboda haka idan kansila ya ce ba a ba shi kuɗin gyaran fanfo ba to daman ba shi ake ba, tambayar da za ku yi masa ita ce: ranka ya daɗe ka taɓa tada maganar fanfon nan a zaman majalisa? Wace rana? Ka sa shi cikin kasafin bana? Nan ne za ku gane ko yana aiki.

Kuma bari in faɗi wadda ba a son ji, mu ma da laifinmu. Kullum da asuba ƙofar gidan kansila cike, wannan matarsa ta haihu, wannan zai aurar da ɗiya, wancan kuɗin magani, to mutumin da muka mai da mai raba dubu biyu-biyu ina zai ga fuskar da zai je ya yi rigima da ciyaman kan ruwan sha, shi ma jira yake a sam masa ya zo ya sallame mu.

Maganar kotu gaskiya ce. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na ƙasa Lateef Fagbemi ya kai gwamnonin jihohi 36, ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma ta ce naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Tushen rigimar shi ne asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi da sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanada, kuɗi kan fara sauka can kafin su isa sakatariya, in sun isa. Kason ƙananan hukumomi a asusun tarayya kashi 20.60 ne cikin ɗari, ban da nasu na harajin kayan masarufi. Sai dai hukunci daban aiwatarwa daban, an yi ta jan ƙafa a faɗin ƙasar nan, kuma ko kuɗin sun iso albashin malaman firamare da ma'aikata kan cinye kaso mai tsoka. Duk da haka abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata ba sirri ba ne, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na wallafa shi a intanet, ku sa wani yaro mai babbar waya ya duba maku na taku, in kun je da adadin a baki magana kan canja salo.

To abin yi yanzu. Ku rubuta takarda, kada ku tsaya ga baki. Hakimi ya sa hannu, liman ya sa, masu unguwanni da shugaban matasa su sa, a kai wa ciyaman ta hannun kansila, a ba daraktan ayyuka kwafi, wani kwafin a kai hukumar samar da ruwa da tsaftar karkara ta jiha wadda ake kira RUWASSA, kuma duk inda kuka kai a buga maku hatimi a naku kwafin ku dawo da shi gida. Amma ni da ni ne ba zan jira ba. Sau da yawa abin da ke kashe tuƙa-tuƙa roba ce ta cinye ko sanda ta tsinke a ciki, ku kira makaniki ya buɗe ya gaya maku kuɗin, in ƙaramin abu ne a yi karo-karo gida gida, a naɗa mutum uku masu amana ciki har da mace su riƙe asusun gyara. Takardar kuma ta tafi neman fanfo na biyu, don gari guda da fanfo guda ko an gyara gobe ma zai sake mutuwa.

TAMBAYA: Malam ni ɗan tireda ne ina bin kasuwannin ƙauye. Kowace ranar kasuwa sai wasu samari sun zo sun amshi kuɗin tikiti, wani lokaci kashi biyu daban-daban, kuma babu rasit. Wannan halas ne a doka?

AMSA: Ɗan'uwa, karɓar kuɗin rumfa da na tasha da na mahauta haƙƙin ƙaramar hukuma ne, jadawali na huɗu na tsarin mulki ya sa kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwalbatoci da kwashe shara a wuyanta. Amma kuɗin da babu rasit ba ya isa baitulmali, aljihun wani ya shiga. Kada ka tsaya cacar baki da yaran kai kaɗai, za su zubar maka da kaya a banza. Ku bi ta Sarkin Kasuwa da shugabannin ƙungiyarku ku nemi jami'in tara kuɗin shiga ya ba ku farashin a rubuce da sunayen waɗanda aka ba izinin karɓa, a liƙa a bakin kasuwa kowa ya gani. Kuma tunda kuna biya, ku tambayi ina bayan gida da magudanar ruwan kasuwar.

TAMBAYA: Malam garinmu an cinye burtali, wasu sun nome shi sun ce sun saye, yanzu shanu ba su da hanya sai ta cikin gonakinmu, bara saura kaɗan a yi jini. Wa ad da ikon ƙasa, hakimi ko ƙaramar hukuma?

AMSA: Ƙanena wannan ita ce tambayar da ta fi tada min hankali, don kowa ya ga inda irin wannan rigimar ta kai wasu yankunan. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aka raba sarakuna da ikon zartarwa irin na zamanin En'e, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallakar gargajiya a karkara, na noma ko na kiwo. Kenan babu wanda ke da hurumin sayar da burtali, ko hakimi ko wani attajiri, hanyar jama'a ce. Amma kada wannan ya sa ku tsallake sarauta, domin ma'aikacin sakatariya bai san inda tsamiyar iyaka take ba, hakimi da dattawa su suka sani. Ku fara da mai unguwa, ku je ga hakimi, in abin ya fi ƙarfinsa a hau zuwa ga uban ƙasa, a kira Arɗo da sashen gona na ƙaramar hukuma da DPO, a taka burtalin da ƙafa a kafa alamu, a rubuta kowa ya sa hannu. Kuma a yi shi da rani, kafin ruwan shuka. Mutum ya riga ya zuba iri da taki ka ce ya tashi, ba zai ji ka ba ko kai wane ne.

TAMBAYA: Malam ni uwa ce mai ɗiya biyar. Ɗakin shan maganin garinmu da la'asar an kulle, mace ta tashi haihuwa da dare sai a nemi mashin. Mu mata ba a kiranmu taro, ina za mu kai kuka?

AMSA: Hajiya Allah ya raya zuri'a. Akwai abin da ake kira kwamitin ci gaban mazaɓa, kowace mazaɓa ya kamata ta samu, shi ke sa ido kan asibitin matakin farko, kuma tsarinsa ya tanadi kujerun mata, ba alfarma ba ce. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, wanda ke tura kuɗi kai tsaye ga zaɓaɓɓun asibitoci, burin dai a samu aƙalla ɗaya a kowace mazaɓa, kuma shugaban wannan kwamitin na cikin masu sa ido kan yadda ake kashe su. To ki fara da tambayar mai kula da asibitin naku cikin ladabi, su wa ke cikin kwamitin, yaushe suke zama, kuma asibitin yana cikin masu samun kuɗin ko sai na hedikwatar mazaɓa. Sau tari ma'aikacin ba mugunta ce ke sa shi kullewa ba, shi kaɗai ne, gidansa na birni, babu ɗakin kwana babu fitila. Ku haɗu ku matan Islamiyya da ungozomomi ku aika wa matar hakimi, ku rubuta wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma kuna neman ma'aikaciya mace, mazan gari kuma su yi gayya su gyara mata ɗaki kusa da asibitin, don hukuma ta fi saurin turo mutum inda ta san akwai makwanci. Kafin nan ku ajiye lambar direba ɗaya ko biyu a gari waɗanda suka yarda a tashe su ko tsakar dare ne, kuma duk mai ciki ta san lambar tun wata na bakwai.