Tambaya da Amsa: Neman Asalin Gida a Tsofaffin Taswirori

Assalamu alaikum. Kakanmu ya ce mahaifinsa ya taso daga wani ƙauye a ƙasar Katsina wajen 1930. Na duba sunan a Google Maps ban gan shi ba. Ina zan dosa? (Mai karatu daga Zariya)

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka nemi taswira, koma wurin tsofaffin gidanku da takarda da biro. Sunan ƙauye kaɗai ba ya isa, don Sabon Gari da Tudun Wada da Zango sun cika ƙasar Hausa. Ka tambayi sarautar hakimin da suke ƙarƙashinsa, kasuwar da suke ci da ranar cinta, rafi ko dutsen da ke kusa, da ko zuwa birni tafiyar yini ce ko sai an kwana a hanya. Waɗannan ne za su fitar maka da ƙauyenku daga cikin takwarorinsa.

Daga nan sai Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda aka jera fayilolin zamanin Turawa bisa larduna: KANOPROF, ZARPROF, SOKPROF, KATPROF, ga kuma SNP na ofishin sakataren lardunan Arewa. A nan mutane suka fi ɓata. Katsina tana cikin lardin Kano har 1926, aka mai da ita ƙarƙashin lardin Zariya, sai a 1934 ta zama lardi mai zaman kansa. Don haka kada ka tsaya a KATPROF, ka leƙa ZARPROF ma, domin abin da ya faru a 1930 yana iya kasancewa a can. Ka nemi rahoton ƙiyasta haraji na gundumar. Galibi yana ɗauke da jerin ƙauyuka da dagatansu, wani lokaci da taswirar da jami'in ya zana da hannu. Ka duba ƙarshen fayil, can ake naɗe ta.

Sai ka gwada abin da ka samu da taswirar safiyo mai ma'aunin 1:50,000, wadda aka zana daga hotunan jirgin sama a wajen shekarun 1950 da 1960. A kanta santimita 2 daidai yake da kilomita 1. Ana tambayarta a ofishin safiyo na jiha ko sashen nazarin ƙasa na jami'a.

Ka kula da rubutu. Bature ya rubuta abin da kunnensa ya ji daga bakin tafinta: ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ, Tsafe ta koma Chafe, Bauchi a wasu tsofaffin taswirori Bautshi ce. Karanta sunan a bayyane, kunne zai gane abin da ido ya kasa. In ka ga an rubuta "ruins", kufai ake nufi, kuma wataƙila shi kake nema.

Mu asalinmu daga wajen Maraɗi ne. Takardunmu ma suna Kaduna? (Wata baiwar Allah daga Kano)

A'a Hajiya, naku suna Yamai, a ma'ajiyar tarihi ta Nijar, da Faransanci. Rubutun sunaye ma na Faransa ne: Tasawa ita ce Tessaoua, Madawa Madaoua, Dogon Dutsi Dogondoutchi. Taswirar da aka fi samu ta 1:200,000 ce, santimita 1 kilomita 2, saboda haka ƙananan tungaye da rugage ba sa fitowa. Ki tuna kuma ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwarin gulbi, aka sake gina shi a kan tudu. Unguwar da kakarki ta ambata tana iya kasancewa a can kwarin, ba inda sunan yake yau ba.

Zan iya ganin gidan kakana ko gonarsa da sunansa a taswira? (Mai karatu daga Bebeji)

Da wuya, Malam. A taswirar 1:50,000 gida ɗigo ne kawai, babu sunan mai shi. Inda ake da ɗan fata shi ne gundumomin da ke kewaye da birnin Kano, inda malaman taki suka riƙa auna gonaki don haraji suna rubuta masu su. Ba duk takardun ne suka tsira daga gara da ɗigar ruwa ba, amma ka tambaya a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

Wurin da ƙauyen yake kuwa ana iya gano shi. Zaɓi abubuwa uku da ba sa gusawa, kamar dutse, gadar jirgin ƙasa da tsohuwar ganuwa. Auna tazararsu da ƙauyen da rula, ka mai da ita kilomita, ka ɗora a kan hoton tauraron ɗan'adam. Kada ka dogara da rafi ko titin mota, rafi yana sauya hanya, titi kuma ana miƙe shi. A yankinku akwai wani hanzarin: madatsar ruwan Tiga da aka kammala a 1974 ta tashi ƙauyuka, wasu sun tafi da sunansu sabon matsuguni. In ma'auninka ya faɗa cikin ruwa, sai ka nemi dagacin sabon garin ka tambaye shi gidajen da suka taso tare.