Lambar tunjere da ya kai ga hanta a CIM-10

Malam Sani, ka tambayi lambar da za a sa wa tunjeren da ya daɗe har ya taɓa hanta, tunda masu inshora sun dawo da takardar kuɗin majinyacinku.

A CIM-10, kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda asibitocinmu na Damagaram ke aiki da shi, ka fara da A52.7, lambar tunjeren da ya daɗe, sannan ka bi ta da K77.0 mai alamar tauraro, ita ke nuna hanta. Lamba mai tauraro ba ta tsayawa ita kaɗai, nan ake yawan yin tuntuɓe. In babbar jijiyar zuciya ce ta kumbura, A52.0 da I79.0. In ƙwaƙwalwa ce kuma akwai alamu, A52.1.

A52.74 da kake gani a intanet ta Amurka ce, bar ta can.

Kada ka fake da A53.9 don sauri. Ma'anarta ba a fayyace matakin ciwon ba, to da me za ka kare kuɗin hoton ciki da allurar penisilin ta benzathine yunit miliyan 2.4 sau uku, mako-mako? Ka haɗa sakamakon gwajin jini na tunjere, TPHA da VDRL, likita kuma ya rubuta da hannunsa cewa tunjeren ne ya jawo ciwon hantar. In bai rubuta ba, koma wurinsa, kada ka ƙaga.