Littafin buɗe wasan ches zan saya, ko kuɗin shafin intanet na Chess.com zan biya?

Tambaya: Malam, muna buga ches da yamma a wani ɗan kulob a Gusau. Abokina ya rubuta wasanmu na makon jiya, ni ke riƙe da baƙi (N doki ne, B bishof, Q sarauniya, K sarki, x alamar ci): 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Nf6 4.Ng5 d5 5.exd5 Nxd5 6.Nxf7 Kxf7 7.Qf3+. Daga nan sarkina ya yi ta gararamba har aka gama da ni. Na tara 'yan kuɗi. Wanne zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Takardar nan da abokinka ya rubuta za ta fi maka amfani yanzu.

Wannan buɗin Italiya ne, kuma tarkon da ka faɗa tsoho ne, ya cinye mutane ba iyaka. Dubi gidan f7: a farkon wasa sarki kaɗai ke gadinsa, shi ya sa fari ya tura doki da bishof can. Motsinka na 4, d5, daidai ne. A na 5 ka yi gaggawar rama soja. Da ka buga Na5, dokinka ya taso bishof ɗin, soja ɗaya zai tafi amma 'yan wasanka za su samu fili. In kuwa ba ka son rigimar gaba ɗaya, tun a motsi na 3 ka buga Bc5. Fari ya kuskura ya kawo doki g5, sarauniyarka ta lamushe shi, don hanyarta a buɗe take.

Ka jera wasan a allo, ka bi shi da hannunka, ka tsaya duk inda gabanka ya faɗi ranar. Sai daga baya ka saka shi a Lichess, wani shafin ches na intanet. Kyauta ne, kuma injin Stockfish, manhajar da ke nazarin wasa, zai nuna maka inda ka zame. Kar ka fara da injin, zai ba ka amsa tun ba ka yi tunani ba.

Littattafan buɗi sukan kai motsi 15 ko 20, alhali abokan wasanka tun kafin na 8 sun bar hanyar littafi. Chess.com kuwa, kuɗin data ma ya ishe ka ɗawainiya.

In dole sai ka kashe kuɗin, sayi allon roba mai naɗewa, wanda aka rubuta a zuwa h da 1 zuwa 8 a gefensa, ka haɗa da littafin rubutu da biro.